Tallafin Ƙasashen Waje da Rayuwar Mai Naƙuda: Yadda Aka Faro da Inda Aka Kwana

A ƙasar Hausa ana cewa haihuwa yaƙin mata ce, shi ya sa idan mace ta sauka ake yi mata barka da arziki. Yadda tsofaffi ke ba da labari, mai naƙuda kan durƙusa ita kaɗai a ɗaki, musamman a haihuwar fari inda kunya ke hana ta ko nishi mai ƙarfi. Ungozoma sai an haihu take shigowa, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan wanka. In naƙuda ta yi tsawo a nemo rubutu, in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa wasu su yi yankan gishiri. Wasu kan ce matan da sun fi na yanzu sauka lafiya. Wannan zance ne na baka, domin a lokacin ba a rubuta wadda ta rasu, balle a kwatanta.

Rubutaccen lissafi daga ƙasar Suwidin ya faro. A 1749 ta soma ƙidayar haihuwa da mutuwa a faɗin ƙasa, kuma a 1751 majalisar likitocinta ta duba alƙaluman ta ce cikin mata 651 da suka rasu wajen haihuwa, da akwai isassun ungozomomi masu horo da an ceci aƙalla 400. Gwamnati ta ɗauki maganar, ta yi shekara da shekaru tana horar da ungozomomi tana tura su ƙauyuka. Zuwa 1900, mata wajen 230 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000, kimanin rabin abin da ake gani a Ingila a lokacin. Suwidin ta wancan zamani ƙasar manoma ce marasa hali, kuma ta kai nan ne tun ba a samu maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, tun ba a san ajiyar jini ba. Yawancin sauran ƙasashen Turai da Amurka sai bayan 1935 suka ga sauƙi na gaske, da zuwan magungunan zazzaɓin jego, da ƙarin jini, da tiyatar da ba ta kisa.

1921 zuwa 1950: abin da mulkin mallaka ya bari

Turawan mulki sun gina asibitocinsu ne don ma'aikata da sojoji. Haihuwa aka bar wa 'yan mishan da 'yan tsirarun makarantu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna ita ce makarantar ungozomomi ta Omdurman a Sudan, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921. Yawancin ɗalibanta ba su iya karatu ba, don haka ake koya musu gane magani ta wari da ɗanɗano da taɓawa, a sallame su da akwatin kayan aiki su koma garuruwansu. A Siri Lanka da Maleshiya kuwa gwamnatoci ne suka riƙi hanyar Suwidin, akasari da kuɗin aljihunsu: ungozoma a kowane yanki, asibitin karkara a bayanta, haihuwa kyauta. Siri Lanka ta sauko daga mace-mace sama da 1,000 cikin haihuwa 100,000 a tsakiyar shekarun 1940 zuwa ƙasa da 100 kafin 1990. Ke nan tun kafin kuɗin tallafi ya fara kwarara an san hanyar.

1952 zuwa 1984: zamanin tsoron yawan jama'a

Sai dai kuɗin da ya zo ba don mai naƙuda ya zo ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutuwar yara ta ragu a ƙasashe matalauta, jama'a ta soma ƙaruwa, masu faɗa a ji a Amurka da Turai suka tsorata cewa abinci zai ƙare kuma talakawa za su bi gurguzu. A 1952 aka kafa ƙungiyar Population Council da kuɗin iyalan Rockefeller, aka kafa ƙungiyar tsarin iyali ta duniya a Bombay, Indiya kuma ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki ƙayyade iyali a matsayin manufar gwamnati. Suwidin ta fara ba Siri Lanka tallafi a wannan fanni a 1958. Hukumar USAID ta shigo a tsakiyar shekarun 1960, asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara aiki a 1969.

Ba za a ce aikin bai amfani mata ba. Mace da ta samu hutu tsakanin ciki da ciki ta rage wa kanta haɗari, kuma miliyoyi sun samu wannan dama ta hannun waɗannan shirye-shirye. Amma ma'aunin nasara a wancan lokaci shi ne mata nawa aka sa wa roba, nawa aka ba ƙwaya, nawa aka juyar wa mahaifa. Inda aka ba jami'i adadin da zai cika, tilas takan shigo. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, an yi wa mutum fiye da miliyan 8 aikin hana haihuwa a shekarar 1976 zuwa 1977 kaɗai, da yawansu ba da son ransu ba.

A nan ya kamata a raba jita-jita da abin da ke rubuce. Ana cewa a garuruwanmu allurar rigakafi da maganin asibiti duk an zuba musu abin kashe mahaifa. Wannan ba a taɓa tabbatar da shi ba, kuma shi ya jawo dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yara suka biya farashin. Abin da ke rubuce shi ne, a 1974 majalisar tsaron Amurka a ƙarƙashin Henry Kissinger ta shirya wata takarda ta sirri da ta ɗauki ƙaruwar jama'a a ƙasashe 13, har da Najeriya, a matsayin abin da ya shafi tsaron Amurka. Takardar ba ta yi maganar zuba wa kowa magani a ɓoye ba, amma da aka fitar da ita daga baya ta zama itacen da masu jita-jita ke hura wuta da shi har yau. Rashin yardar da ma'aikaciyar lafiya ke karo da shi a zauren maigida, wani ɓangarensa gadon wannan zamani ne.

A 1984, a taron birnin Meziko, gwamnatin Reagan ta shelanta cewa duk ƙungiyar waje da ke aikin zubar da ciki ko ba da shawara a kai, ko da kuɗinta ne, ba za ta ga tallafin Amurka ba. Clinton ya soke dokar a 1993, Bush ya dawo da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da ita a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawo da ita a 2025. Ƙaramin asibiti a Kenya ko Nepal yakan buɗe ko ya rufe gwargwadon wanda ya ci zaɓe a Amurka.

1985 zuwa 1987: Zariya da Nairobi

A farkon shekarun 1980 hankali ya koma kan yara. UNICEF a ƙarƙashin James Grant ta duƙufa kan rigakafi, ruwan gishiri da sukari, shayar da nono da awon nauyi. Shirye-shiryen suna ɗauke da sunan uwa da yaro, amma kusan komai na yaron ne. A 1985 Allan Rosenfield da Deborah Maine na Jami'ar Kolombiya suka rubuta maƙala a mujallar Lancet suna tambayar ina uwar take a cikin wannan suna.

A wannan shekarar ce aka buga wani bincike daga Zariya wanda har yau ake komawa gare shi. Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan asalin Jihar Ribas, shi da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1976 da 1979. Mata 238 suka rasu. Fiye da tara cikin goma daga cikinsu ba su taɓa zuwa awo ba, an kawo su ne a gigice bayan abu ya ɓaci: yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ta kwana uku tana naƙuda ɗa ya mutu a ciki, uwar 'ya'ya takwas da mahaifarta ta fashe, mai jijjiga da aka ɗauka iska ce aka yi ta turare. Harrison ya lura cewa matan da suka yi makaranta, ko firamare ce, ba kasafai suke cikin wannan sahu ba, kuma ya shafe sauran rayuwarsa ta aiki yana nanata cewa ilimin 'ya mace shi ne tushen gyara. A Zariya ɗin dai likitoci suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da wankan jego mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata rabin miliyan ke mutuwa kowace shekara, kashi 99 cikin ɗari a ƙasashe masu tasowa. A Fabrairun 1987 ita da Bankin Duniya da UNFPA suka kira taro a Nairobi, aka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya, aka yi alkawarin rage mace-macen da rabi kafin 2000.

1987 zuwa 1997: shekaru goma a kan hanya mai arha

Alkawarin bai cika ba, kuma dalilin yana cikin zaɓin da aka yi. Masu ba da tallafi suna son abu mai sauƙin kuɗi da sauƙin ƙirgawa, sai suka jingina da abu biyu. Na farko, horar da ungozomomin gargajiya: kwas na 'yan kwanaki, a ba tsohuwa jaka da sabulu da sabuwar reza. Na biyu, tantance masu haɗari a wajen awo, wato a duba tsayin mace da shekarunta da yawan haihuwarta, a ware waɗanda za a tura asibiti. Tsafta ta taimaka wa jarirai, ta rage ciwon tetanus da ke shiga ta cibiya. Amma ungozoma mai sabuwar reza ba ta da abin yi wa matar da jini ya ɓalle mata, wadda za ta iya cikawa cikin sa'o'i biyu. Tantancewar ma ta gaza. Wani bincike a Kasongo ta ƙasar Zayar ya nuna cewa yawancin matan da naƙuda ta toshe musu ba sa cikin waɗanda aka ce suna da haɗari, yawancin waɗanda aka ware kuma sun sauka lafiya. Kowane ciki na iya juyewa, ba ya sallama.

Abin takaici shi ne, a daidai lokacin da Bankin Duniya ke ɗaga tutar Nairobi, shi da Asusun Lamuni na Duniya ke matsa wa gwamnatocin Afirka su tsuke bakin aljihu. Najeriya ta shiga irin wannan shiri, wato SAP, a 1986. A 1987 aka amince da shirin Bamako wanda ya sa majiyyaci biyan kuɗin magani. Likitocin Zariya sun ba da rahoton cewa tsakanin 1983 da 1988 masu zuwa haihuwa a asibitinsu sun ragu da kusan rabi, masu mutuwa kuma suka ƙaru. Zamanin ke nan da ake miƙa wa miji takarda ya je ya sayo safar hannu da zaren ɗinki da ledar ƙarin ruwa, matarsa na kwance a kan gadon tiyata ana jiransa.

Gyaran tunani ya fito ne daga Afirka ta Yamma. Tawagogin bincike a Najeriya da Gana da Saliyo, har da na Zariya da Sakkwato, da kuɗin gidauniyar Carnegie, suka yi ta bin labarin matan da suka rasu. Daga nan Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka fitar da bayanin jinkiri uku a 1994: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Duk wanda ya zauna a karkara ya san su. Maigida ya tafi ci-rani, ba mai izinin fitar da ita. An samu izini, babu mota, ko direba ya tsawwala kuɗi don tsoron kada ta mutu a motarsa. An isa, babu jini, babu wuta, likita ya tashi. A Jihar Kebbi tawagar Sakkwato ta zauna da ƙungiyar direbobi ta NURTW aka horar da su ɗaukar masu naƙuda, dabarar da daga baya shirye-shiryen Birtaniya suka yaɗa a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara. A taron Kolombo na 1997 aka yarda a fili cewa mafita ita ce ƙwararriyar ungozoma a kowace haihuwa, da asibitin da zai iya tiyata da ƙarin jini a bayanta. Batun ungozomar, abin da Suwidin ta gano ke nan tun 1751.

A tsakiyar wannan aka yi taron Alƙahira na Satumbar 1994, inda ƙasashe 179 suka amince a daina auna nasara da adadin jama'a, a koma ga lafiyar mace da zaɓinta. An yi ta ce-ce-ku-ce, fadar Fafaroma ta ja daga, Saudiyya da Sudan suka ƙi halarta. Daga nan ne maganar tazarar haihuwa ta soma maye gurbin ƙayyade iyali, kuma malamai da dama suka samu wurin tsayawa a ciki, tunda shayarwa ta shekara biyu da hutun uwa ba baƙon abu ba ne a addini.

Waɗanda suka tsira da rauni

Ba duk wadda doguwar naƙuda ta kama ke mutuwa ba. Wata kan rayu, amma kan ɗan ya danne mafitsara har nama ya mutu, ta koma fitsari na zuba ba dare ba rana, miji ya sake ta, a ware mata ɗaki da ƙwarya. Reginald da Catherine Hamlin, waɗanda suka je Habasha a 1959, sun buɗe asibitin masu yoyon fitsari a Addis Ababa a 1974. A Katsina, Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya zo Babbar Ruga a 1983 don duba kutare, ya tarar da matan da ba mai kula su, ya soma ɗinke su, har wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin wannan aiki a duniya, ya kuma horar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya. UNFPA ta ƙaddamar da gangaminta na duniya a 2003, aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012. Ɗinki abu ne da mai ba da tallafi ke so, don ana iya nuna fuskar wadda ta warke. Hana aukuwar ciwon tun farko ya fi wuya, don sai an gina tsarin lafiya gaba ɗaya.

2000 zuwa 2015: kuɗi ya zo

Muradun ƙarni na 2000 sun sa rage mutuwar uwa da kashi uku cikin huɗu a matsayin buri na biyar. A farko kuɗin ya fi karkata ga cutar ƙanjamau, ta hanyar Global Fund a 2002 da PEPFAR a 2003. Sai a 2010, a taron Muskoka na Kanada, manyan ƙasashe suka yi alkawarin ƙarin dala biliyan 5 don uwa da yaro, a 2012 kuma taron Landan ya ɗauki burin kai tazarar haihuwa ga ƙarin mata miliyan 120.

Yadda kowace ƙasa ta ci moriyar kuɗin ya bambanta ƙwarai. Habasha ta horar da dubban 'yan mata ma'aikatan lafiya na ƙauye ta sa su cikin albashin gwamnati. Nepal ta riƙa ba mai haihuwa kuɗin mota, ta mai da haihuwa kyauta a 2009. Saliyo ta cire kuɗi ga masu ciki da masu shayarwa a Afrilun 2010. Nijar ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, mata suka ƙaru a asibitoci, amma gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitocin kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya ƙare a kanta. A Damagaram kuwa UNFPA ta fara makarantar mazaje a tsakanin 2007 da 2008, inda magidanta ke zama su tattauna awo da haihuwa a asibiti. Wannan ta dace da wurin, don a gidan Bahaushe izinin fita a hannun maigida yake.

Najeriya ta yi amfani da rarar yafe bashi na 2005 ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009. An tsara tarayya ta biya naira 30,000, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su biya nasu ba, ungozomomi suka tattara suka koma birni, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin shirin bai ɗore ba. A Kano an ga akasin haka. A 2008, da tallafin gidauniyar MacArthur, aka shigar da allurar magnesium sulphate asibitoci goma don masu jijjiga. Kafin nan kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan ciwo ke mutuwa, bayan nan aka koma kusan biyu cikin ɗari, gwamnatin jiha kuma ta karɓi sayen maganin. Maganin ba sabo ba ne, ba shi da tsada, tun 1995 aka tabbatar ya fi sauran. Shekara goma sha uku ya ɗauka kafin ya isa gadon mai jijjiga a Kano.

Da aka rufe lissafi a 2015, mace-macen sun ragu da kashi 44 cikin ɗari daga 1990, an sauko zuwa kimanin 303,000 a shekara. Buri bai cika ba, amma rayuka ne masu yawa.

2015 zuwa 2025: ilimi ya ƙaru, aljihu ya rufe

Sabon burin duniya shi ne a sauko ƙasa da 70 cikin 100,000 kafin 2030. A fagen ilimi an yi nisa, kuma babban rabo na wannan aiki a yankinmu aka yi shi. A Nijar, daga 2015 zuwa 2020, aka bi matakai uku a asibitocin ƙasar baki ɗaya don tsayar da jini: ƙwayar misoprostol, in bai tsaya ba a sa balan-balan a mahaifa, in ya ƙi a naɗe mace da rigar matse jini a garzaya da ita babban asibiti. Mutuwa ta hanyar zubar jini ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. A 2023 aka buga sakamakon gwajin E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki, ungozoma ta ga adadinsa da idonta maimakon ta yi ƙiyasi daga jiƙewar zane. Da ya kai layi sai a haɗa dukkan matakan magani a lokaci guda, ba a jira ɗaya ya gaza ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Kuɗin kuwa baya ya yi. Birtaniya ta rage tallafinta a 2021, ta yanke kashi 85 cikin ɗari na abin da take ba asusun UNFPA na kayan tazarar haihuwa. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin waje, daga baya ta katse kuɗin UNFPA, kuma a farkon Yuli aka rufe USAID. A Afrilun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alƙaluman 2023: mata 260,000, ragin kashi 40 cikin ɗari daga 2000, amma saukar ta yi sanyi tun 2016. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na matan a Afirka kudu da Sahara suke, kuma fiye da ɗaya cikin huɗu 'yan Najeriya ne, wajen 75,000.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Kaɗan ne suka taɓa kai wa, kuma mai masaukin taron ba ta cikinsu. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya shelanta tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, tare da shirin da ya fi mai da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen ƙasar. Bayan janyewar Amurka, majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin, wanda ya haɗa har da maganin ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro.